Mai Kitso Ta Rufe Ƙofa

An ce mini mai kitson unguwarmu ta soma girman kai tun da ta haihu, har na kusa yarda. Ashe da huji a zuciya aka haifi 'yarta, likita kuma ya ce ko mura ta kama ta, sai an kwantar da ita. Shi ya sa da yayarta ta zo tana tari, ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"To, uwar gwal, ki sa ta a akwati," in ji yayar. Ba ta sake zuwa ba, masu kitso ma suka ɗauke ƙafa.

Yanzu ita kaɗai take wuni, yatsunta na kitsa zaren bakin tawul ɗin jaririyar.

Ta taga na tambaye ta, "Ba kya kewar hira?"

Ta ce, "Ina yi mana. Amma da ɗakin a cike yake, da ba zan ji numfashinta ba."