Wanda Aka Ci Shi Ke Tona Gurabe

Idan ka shiga Aliero ka tambayi gidan Waliyyu mai albasa, dariya za a yi maka, don rabin mazan garin masu albasa ne. Ka ce Waliyyu na Dara, nan take a nuna maka ƙofa. Shi kansa ba ya son a kira shi da wannan suna a gaban surukansa, amma a gindin tsamiyar bakin kasuwa, da zarar an faɗe shi sai ka ga ya gyara zaman hula.

A gidan noma aka haife shi, cikin warin albasa ya girma. Ya san dashe, ya san ban ruwa, ya san ranar da ganye zai kwanta a ce ta nuna. Ya auri Tasalla daga Maiyama, mace mai haƙuri da surutunsa, suka haifi 'ya'ya har zuwa kan autarsu Mufida. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Abin da Allah ya ba shi a wadace shi ne baki, sai kuma dara.

Da an cire albasa an jibge ta a rudu, wato rumfar ajiyarta, zafi ya sauko, aiki ya lafa, dattawa kan taru a gindin tsamiyar nan bayan la'asar. A share ƙasa, a tona gurabe jeri-jeri, wannan ya riƙe guntayen kara, wancan ya riƙe tsakuwa. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya, ya cinye ɗa guda na abokin wasansa. Suna da wata doka da ba a san wanda ya kafa ta ba: wanda aka ci, shi zai durƙusa ya share wurin da tafin hannu, ya tona sababbin gurabe don masu biyowa, ana yi masa ba'a har ya gama. Ba babba ba ƙarami. Limamin unguwa ma ya taɓa tonawa, da rawaninsa da komai.

Abokin karawar Waliyyu na dindindin shi ne Kalilu, ɗan goggonsa, wato taubashinsa. Dillalin albasa ne a Jega, yana da wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga bayan gari. Tsakanin taubasai kuwa ba a jin kunyar baki, abin da ka ga dama ka faɗa, ba mai cewa ka yi laifi. Kafin Kalilu ya kashe babur zai fara: "Ina bawana? Hito ka tona, yau gwiwa ta sha ƙasa!" Waliyyu ya amsa cewa mutumin da bai taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya ba, sai cin gumin manoma, ba shi da bakin magana a gaban maza. Haka suka yi furfura, yau wannan ya durƙusa, gobe wancan.

Ciwon ya shigo a hankali. Ido ya riƙa yi masa nauyi, gefe-gefen gani yana dushewa, wani lokaci hawaye ya zubo ba dalili. Waliyyu ya ce yajin albasa ne. Tasalla ma ta ce yajin albasa ne. A garin da kowa ke share ido da gefen riga duk lokacin girbi, wa zai kula da hawayen manomi? Ya wanke da ruwan sanyi, ya sa kwalli, ya ci gaba da harkarsa. Sai da ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gidansa, sannan manyan 'ya'yansa suka tilasta masa zuwa asibiti a Birnin Kabi. Likita ya duba ya daɗe, ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin wata damina ta zagayo, ragowar hasken ma ya tafi.

Gona bai damu da ita sosai ba, 'ya'yansa maza sun riƙe ta, kuma hannunsa ya san albasa mai kyau ko a cikin buhu. Tsamiya ce ta tsaya masa a rai. Da rani ya yi, ya ɗauki sandarsa ya laluba har can. Aka yi ta "sannu, sannu," aka ba shi wuri mafi inuwa, har da miƙo masa ruwa. Ya zauna wasa da Kalilu. Amma dara a ƙasa ba ta son lalube: ya miƙa yatsa don ya ji inda 'ya'ya suke, sai gurbi ya rufta, kara ya faɗi, tsakuwa ta gangara gidan da ba nata ba. Kalilu ya riƙa gyarawa a hankali, yana gaya masa, "Ga naka nan, ga nawa can."

Waliyyu ya ci wasan. Washegari ya sake ci. Jibi ma haka.

Mutanenmu suna da kirki, sai dai wani lokaci kirkin nasu ya fi duka zafi. Mutumin da ya shekara arba'in yana karawa da kai ya san irin tafiyarka. Waliyyu ya san Kalilu ba ya barin ɗa a buɗe ko da yana zazzaɓi. Ya kuma lura ba mai cewa uffan idan ya ci, sai "madalla, madalla," irin wadda ake yi wa mai jinya idan ya shanye kunu. Kalilu ya durƙusa ya tona gurabe ba wanda ya tsokane shi. Mafi ciwo duka, tun ranar da aka dawo daga asibiti bai ƙara kiransa bawa ba. Malam Waliyyu yake ce masa.

Ran nan sai ya gwada shi. Da gangan ya matsar da ɗansa ya buɗe wa Kalilu hanyar da ko sabon shiga zai gani. Ya kasa kunne. Ya ji hannun Kalilu ya tsaya, ya ji ya ja numfashi, sannan ya ji tsakuwa ta sauka can wani lungu da ba ruwansa da wasan. Waliyyu ya lalubo takalmansa da sandarsa, ya ce kansa ke ciwo. Bai koma ba.

Ya zama mutumin zaure. Rediyo a gefe, carbi a hannu, magana sai ta zama dole. Tasalla, wadda ta shekara da shekaru tana roƙon Allah ya rage masa surutu, ta koma tana tsokanarsa da gangan ko zai tanka, ba ya tankawa. Idan ya ji tarin babur daga nesa sai ya shige ɗaki ya ce a ce yana barci. Kalilu ya ajiye goro ya juya. Abin tausayi ne ƙwarai, mutum biyu masu son juna, kowa na ganin yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Mufida tana shekarar ƙarshe a jami'ar garin, tana karatun kwamfuta. Ita da abokan karatunta sun zaɓi su yi wasan dara na waya wanda marar gani zai iya bugawa shi kaɗai. Ta san halin ubanta: in ta ce dominsa aka yi, ba zai taɓa ba. Sai ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Baba, wani abu munka haɗa, malaminmu ya ce sai gwani ya gwada shi. Ni kau ban san wani gwani ba in ba kai ba."

"Gwanin da ad da ido kika nema," in ji shi. Amma ya miƙo hannu.

Ta kama yatsansa ta ɗora a fuskar wayar. Duk inda ya taɓa sai murya ta faɗi abin da ke gurbin: kara, tsakuwa, ba kowa. In ya buga sau biyu ya ɗauki ɗa, ya sake bugawa ya ajiye. Idan abokin wasan da ke cikin wayar ya motsa, muryar ta faɗi daga ina zuwa ina. Muryar kuwa ta Mufida ce, ita aka ɗauka. Ya ɗan murmusa da ya gane, ya ce ashe har cikin ƙarfe ta kai surutun gado.

Ya fara wasa da raini. Ba a jima ba wayar ta yi ɗan kaɗawa a tafinsa, muryar 'yarsa ta ce, "An ci ɗanka." Ya gyara zama. Ta sake cewa, "An ci ɗanka." Babu sannu, babu jan numfashi. Ta bi shi ɗaya bayan ɗaya har ta share shi tas, sannan ta ce, "An cinye ka. A sake?"

Mufida ta tsorata, ta fara ba shi haƙuri. Sai ta ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi, irin ta da, mai tashi daga ciki, har Tasalla ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Ke, wa ya koya ma abin ga rashin kunya?" in ji shi yana share ido. "Bai san ni makaho na ba?"

"Bai sani ba, Baba."

"To kada ki hwaɗa mai. Sake muna."

Duk ranin nan a kan wayar ya ƙare. Tun yana bin gurabe da yatsa, har ya iya ɗauke fagen duka a kansa, ya san inda kowane ɗa yake ba sai ya taɓa ba. Wata rana ya ci, wata rana a ci shi. Sai dai in ya ci ya juyo da baki ya zazzaga wa wayar ba'a, ita kuma ta ce, "Ka yi nasara. A sake?" Ya gaya wa Tasalla abin yana da gaskiya amma ba shi da baki, kuma dara ba baki rabin dara ce.

Shi ya kawo shawarar katako. Ya bayyana wa Mufida abin da yake so, ranar kasuwar Jega ta kai maganar wa wani kafinta, Munir, a unguwar Jega Magaji. Kafintan ya huda gurabe masu zurfi a faffaɗan katako, ya fere 'yan turaku masu shiga daram, rabi kansu a mulmule, rabi da tsaga a kai. Ko ka shafa da tafi gaba ɗaya ba abin da zai motsa.

Ranar da Waliyyu ya isa tsamiya da katakon a hammata, hira ta tsaya. Kalilu yana nan. Ya miƙe ya ce, "Malam Waliyyu, sannu da hitowa." Waliyyu ya ajiye katakon a ƙasa ya ce ya zauna.

Suka dasa 'ya'ya. Wasa ya yi nisa kaɗan, Waliyyu ya shafa fagen ya ji abin da ya zata. Ya kama hannun Kalilu ya ɗora a kan wani gurbi.

"Wanga gida, ka gane shi ko ba ka gane shi ba?"

Kalilu ya janye hannunsa.

"In ka aje nan ka jera ukku, ka ci ɗana. Ka gani, kaƙ ƙi. Ni ido nir rasa, Kalilu. Kai mi kar rasa?"

"Haba Malam Waliyyu..."

"Malam wa? Yaushe nik koya maka karatu?"

Wani dattijo ya fara cewa a yi haƙuri, ba wanda ya bi ta kansa. "Ba ni iyawa," in ji Kalilu. "Wallahi ba ni iya sa ka durƙusa kana lalube, mutane na kallo. Ɗan kawuna kake."

Waliyyu ya ji tausayinsa har cikin zuciya, amma ya san in ya sassauta yanzu, ya koma zaure ke nan har mutuwa. Sai ya ɗaga murya yadda na bakin kasuwa za su ji. "Jama'a ku shaida! Dillalin Jega ya ji tsoron makaho. Dama can da ido biyu ban ɗauke shi komi ba, yanzu ga shi ba ido ma ya ɓoye bayan tausai. Mutumin da bai san ko ta wane gehe albasa ka hito ƙasa ba!"

Wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Can sai Kalilu ya ja majina, ya zare ɗansa daga inda ya ɓoye shi, ya dangwara shi a gurbin nan da ƙarfi har katakon ya yi ƙara, ya fizge ɗan Waliyyu guda.

"To karɓi, bawan banza," in ji shi. "Yau ko kakanmu ya taso ba shi hid da kai."

Wasa ne mai zafi. Waliyyu ya rama, ya ƙara, har mutane suka matso suna ihu, masu sayen tumatir suka baro tumatir. Amma ɗan nan na farko da ya bayar da hannunsa shi ya kashe shi. Kalilu ya cinye shi ƙiri-ƙiri.

Nan kowa ya tuna doka. Limamin unguwa ya yi gyaran murya ya ce ai katako ya zo da gurabensa, ba sai an tona ba.

"Katakon nai na," in ji Kalilu. "Masu biyowa ƙasa za su yi. Tashi ka tona."

Waliyyu ya naɗe hannun riga, ya sauke gwiwoyinsa a ƙasa mai ɗumi, ya share ta da tafi. Ya fara tonawa da yatsa, yana auna tazara da faɗin hannu. Layin farko ya miƙe, na biyu ya karkace ya nufi gindin tsamiya.

"Ku dubi aiki!" Kalilu ya yi ihu, hawaye na bin gemunsa. "Haka kunyoyin albasatai suke tun yana gani!"

Waliyyu bai ɗago ba. Ya ci gaba da tonawa, yana shirya amsar da zai ba shi.