Burtsatsen Gindin Kuka

Ban taɓa mantawa da yammacin da muka je zaɓen wurin tona burtsatse a wani ƙauye bayan Kafin Maiyaƙi ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen ruwa, damina na gab da faɗuwa. Ku sababbin shiga ku sani, tsarin shi ne a tara dattawa a ƙofar mai unguwa, su nuna wuri, mu auna da na'ura, a sa hannu.

Dattawa suka zaɓi hayin rafi, don can babu gonar kowa. Magana ta zauna, aka tashi sallar la'asar.

Da na idar sai na koma inuwar tsamiya ina jiran direba. Hadari ya yi luf a gabas, iska na kaɗawa a hankali, har gyangyaɗi ya fara ɗibata. 'Yan mata masu ɗebo ruwa sun ajiye jarkoki suna zane a rairayi da tsinke. Wata da ba ta wuce shekara goma ba, Asma'u, ta zana ƙauyen kaf: masallaci, kuka, hanyar shanu, sai wani layi mai kauri. Na yi ta kallo kamar a mafarki.

Na nuna layin na ce, "Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Rafi ne, Malam. In ya kawo, nan yake kai mana." Ta dafa wuyanta. "Bara ya tafi da bokitina, ni ma sai da Yaya ta riƙo ni."

"Me ya hana ku gaya wa su Baba?"

Suka kwashe da dariya. "Mu? A ƙofar mai unguwa?"

Su za su riƙa tsallaka ruwan nan kullum, amma ko mutum ɗaya bai tambaye su ba, har da ni.

Washegari na auna hayi, na auna gindin kuka a gefen gari, duka akwai ruwa. Na san in na ce yarinya ce ta faɗa, magana ta mutu. Sai na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ta ƙi hayi, gindin kuka take so."

Mai unguwa ya ce, "To, ai ta fi mu gani."

Burtsatsen na nan yana aiki, har gobe na'ura suke sa wa albarka. Tun daga ranar ba na sa hannu sai na zauna da masu ɗaukar jarka. Amma na yi ritaya da abin a raina: sai da na yi ƙarya aka ji gaskiyar yarinyar nan, kuma na kasa faɗin sunanta a gaban manya.