Gaisuwar Kawu a Tsakiyar Jarrabawa

Akwai abubuwan da mutum kan manta sai an tuna masa. Wannan kam ba ya cikinsu, na tabbata da shi zan tsufa. Shekara uku ke nan da faruwarsa, amma har yau ina ganinsa kamar jiya aka yi.

Ina durƙushe a ƙasa na ji wayata ta yi wata 'yar ƙara, ƙit, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Da na ɗago kai sai na ga tambayoyin jarrabawar da nake amsawa sun ɓace, agogon da ke ƙirga mini lokaci ya tsaya cak. Jan rubutu ne ya cika fuskar wayar da Turanci, wai an dakatar da jarrabawata, na'ura ta ga baƙuwar fuska, ta kuma ji muryar wani. A gefena kuwa Kawu ne tsaye yana murmushi, bai san wainar da ake toyawa ba.

Bari in ɗan koma baya don ku gane. Da na gama sakandare a Makarfi ban samu halin tafiya Zariya ƙaro karatu ba. Ni ce babbar mace a ɗakinmu, Inna kuma ciwon ƙafa ya matsa mata, in na tafi ba mai riƙe gidan. Wata malamarmu ce ta nuna mini hanyar karatu daga nesa, wanda ake yi ta waya, na shiga kwas ɗin malanta. Darasi na zuwa ta bidiyo, in sauke shi in riƙa saurare ina wanke-wanke ko tankaɗe. In an ba mu aiki, in rubuta a takarda in ɗauki hoto in tura. Matan unguwarmu a Gazara har zolayata suke yi, wai ga mai makaranta a cikin hijabi. Ni dai daɗi nake ji, don ina gaban murhu amma ina aji ɗaya da mutanen Ikara da Kudan da garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu ita ce babba. Ba malamin da zai tsaya a kanki, kyamarar wayar ce mai gadi. An karanta mana doka tun da wuri: kada fuskarki ta bar gaban waya, kada a ji muryar kowa, kada wani ya shigo. Wadda aka samu da satar amsa kuwa kora ce, ba dawowa.

A duk gidanmu wuri ɗaya ne sabis ke zama daram, shagon yayana da ke jikin zaure, shi kuwa yana Kaduna wajen aiki. Ranar na share shagon tun da safe, na jingina wayar da fulas a kan tebur, na roƙi Inna kada a kira ni ko tuwo zai ƙone. Mutanen cikin gida na yi wa shiri, na manta da mai shigowa daga waje. Ƙofar ma a buɗe na bar ta saboda haske, don an ce fuska ta fito sosai.

Na yi rabin tambayoyin, komai na tafiya daidai, sai na ji an jingine keke a ƙofar gida, aka yi sallama. Muryar Kawu ce, yayan Inna, manomin rake a Dandamisa. Shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, kuma tsufa ya sa kunnensa ya yi nauyi. Na amsa a zuci. Ya sake sallama da ƙarfi, na amsa a leɓe, idona a kan waya. A ta uku sai ga inuwarsa a bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, ashe kina ciki? Sallama uku ba amsa?"

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Gwiwoyina ne suka yi aikin da suka saba tun ina ƙarama, kafin in farga na sauka daga kujera na durƙusa.

"Kawu, ina kwananku? Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mai ƙafa?"

"Da sauƙi."

"Iye?"

"Da sauƙi, Kawu!"

Ya tambayi Baba, ya tambayi na Kaduna, ya tambayi akuyar da ya ba Inna ko ta haihu. Ina amsawa hankalina na kan wayar. Da na samu 'yar kafa na ce, "Kawu, jarrabawa nake yi, malamai na kallona ta cikin wayar nan."

Nan na ƙarasa ɓata lamarin. Kawu ya zaro ido ya ce, "Malamai? Kina nufin da manya a ɗakin nan, na tsaya ina ta zuba ban gaishe su ba?" Ya ajiye ƙullin mazarƙwailar da ya kawo mana, ya tuɓe takalmi, ya shigo ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa wayar. "Salamu alaikum. Allah ya gafarta malam, mun same ku lafiya? Ya ɗawainiya da yara? Ga 'yar tamu nan, amana ce. In ta yi ba daidai ba a tsawata mata." Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙarar nan.

Da la'asar saƙo ya shigo cewa ana zargina da satar amsa, kwamitin ladabtarwa zai saurare ni ta bidiyo bayan kwana goma. Kwana goman nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Karatun shekara biyu ne zai bi ruwa, wannan ɗaya. Na biyun shi ya fi cin raina: a ƙauye irin namu in aka ce an kori 'yar gidan wane saboda satar amsa, ba mai tambayar yadda aka yi, kuma ba uwar da za ta miƙo mini ɗanta in koya masa ko baƙi da wasali.

A guruf ɗin ajinmu ina da ƙawa 'yar Ikara, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba amma kullum muna tare a waya. Ta kira ni ta ce, "Ƙawata, ki ji shawara. Ki ce wayar ce ta faɗi, ƙanenki ya shigo ya ɗaga miki. Mutanen nan na birni ne, wa zai yarda kin bar jarrabawa saboda ina kwana? Dariya za su yi miki su kore ki." Na ga kamar da gaskiyarta. Na rubuta maganar da Turanci, na riƙa haddacewa ina dama koko, har na fassara wa Inna don ta ji ko ta zauna.

Inna ta dube ni ta ce, "Wane ƙanen naki? Yayan nawa ne ya koma ƙanenki da furfurarsa? To ni dai ba ruwana. Amma ki sani, in kin je da gaskiya aka kore ki, zan iya kallon mutane. In da ƙarya kika je, ke kaɗai za ki kalle su."

Ranar zaman, hantsi bai yi ba sai ga Kawu da babbar rigarsa ta Juma'a. Ashe Inna ta aika masa. Ya ce, "Ni na ɓata, ni zan gyara." Na roƙe shi don girman Allah ya zauna a zaure, kada ya shigo sai an neme shi. Ya shimfiɗa buzu ya zauna yana jan carbi.

Fuska biyu suka bayyana a wayar. Shugabar zaman mace ce mai tabarau, ba ta jin Hausa, sai wani dattijon malami mai farin gemu. Matar ta ce in faɗi abin da ya faru. Maganar da na haddace ta zo har bakin harshena, sai na ji tarin Kawu daga zaure. Na haɗiye ta. Da guntun Turancina na ce kawuna ne ya zo, na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya gaida malamai.

"Kin bar jarrabawa don ki yi gaisuwa?" in ji ta, tana kallona ta saman tabarau. Na ce e. Na ce a raina shi ke nan, tawa ta ƙare.

Sai ta ce bari su duba abin da aka naɗa. Ni duk a zatona na'urar tsegumi kawai take kaiwa, ashe komai tana ajiyewa, hoto da murya. Suka kunna. Na ga kaina na ɓace ƙasan tebur, na ji muryata tana ihun "Da sauƙi, Kawu!" Can sai ga hula da hanci sun cika fuskar wayar. Dattijon yana fassara mata ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan akuya sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya kai hannu ya rufe baki. Ta tambaye shi ko an faɗi wani abu da ya shafi jarrabawa. Ya ce ko kalma ɗaya, ciwon ƙafa ne da haihuwar akuya, sai amanar da aka ba su. Ta ce in tsohon na kusa a kira shi.

Kawu ya shigo ya sake sabuwar gaisuwa daga farko, wannan karon dattijon ya amsa masa tsaf har da ya gona. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Yawwa. Ran nan na gaishe ku ba wanda ya tanka, na ce ko fushi kuke yi da mu. Malam, yarinyar nan ba ta da laifi. Mu muka koya mata in ta ga babba ta kai ƙasa. In hukunci ne ga ni."

Suka kashe murya suka yi shawara tsakaninsu, ina kallon bakinsu na motsi ba na jin komai. Daidai lokacin ladanin unguwarmu ya fara kiran azahar. Matar ta dawo ta yi dogon bayani, kunnena na ji amma kaina ya ƙi ɗauka. Da dattijon ya ga na yi zuru sai ya ce da Hausa, "'Yata, kin karya doka, don haka an yi miki gargaɗi. Amma ba ki saci amsa ba, ba a kore ki ba. Mako mai zuwa za ki sake rubutawa, ki sa wa ƙofa sakata. Tashi ki je ki ci abinci."

Na kifa kai a tebur na fashe da kuka, Kawu na ta tambaya, "Iye? Me ya ce?"

A wannan sa'ar na gane cewa da na faɗi abin da na haddace, da bakina ne zai kore ni, don komai na nan a ajiye yana jirana. Na'ura ta iya ganin fuska, ta iya jin murya, amma ba ta san dalilin da ya sa mutum ya durƙusa ba. Wannan sai ɗan Adam ya zauna ya duba, shi kuma ba zai iya tsaya miki ba sai kin ba shi gaskiyarki, ko da kina jin kunyar faɗinta.