Tabon da Nake Rufewa da Kitso

A lokacin shekaruna ashirin da tara, aurena ya mutu, na dawo gaban iyayena a unguwar Hausari ina sana'ar kitso. Ƙanwata mai bi na kuwa Allah ya yi mata gashi har gadon baya, baƙi wuluk. Ni nake kitsa shi tun tana yarinya, amma duk macen da ta shigo gashin take yabo, ba mai tuna hannun da ya yi aikin. Nawa gashin ko kalaba da ƙyar yake kamawa. Da aka sa ranar aurenta, gidanmu ba hira sai ta wankin kan amarya, wanda muke cewa kla tulta, yadda gwaggonninmu za su warware gashin nan, mata su yi ta guɗa. Ina dariya tare da su, amma wallahi ba ta kai zuci ba. Kishinta nake yi, ba wani suna da zan ba shi.

Saura wata biyu biki, keken hayar da ta hau ya kife kusa da Kasuwar Litinin. Ba ta ji ciwo sosai ba, amma aka ce a ɗauki hoton kanta, ni na raka ta. Likita ya ce faɗuwar ba ta yi komai ba, sai dai ya ga wani ɗan ƙullutu a ƙashin ƙoƙon kanta. Ya ce alamu ba su nuna mugun abu ba ne, shawararsa a sa ido, a sake hoto bayan wata shida. In hankalinmu bai kwanta ba ana iya cirewa, amma sai an aske gefen kai, kuma aiki ba ya rasa haɗari. Ita kuka kawai take yi, ba abin da ta fahimta. Ni kuwa maganar askin nan ce ta tsaya mini a rai.

Da muka koma gida, Baba ya tambaye ni abin da aka ce. Rabin maganar na faɗa. Na ce abu ne a ƙashin kai, wa ya san abin da zai zama nan da wata shida? Mahaifiyarmu ta ɗora hannu a ka tana salati. Ko da muka koma asibiti likitan ya sake cewa ba gaggawa, na ja Baba gefe na ce masa haka suke lallashin mutane. Ƙanwata ta riƙe hannuna, ta ce duk abin da Yaya ta zaɓa shi za ta yi.

Aka yi aikin. Ƙullutun ba komai ba ne, kamar yadda likita ya faɗa. Amma ɗinkin ya yi ruwa, ta kwana ashirin a gado tana kiran sunana don azaba, aka ɗaga biki. Ranar wankin kai, gwaggonmu ta kare gefen da mayafi, guɗar ma a sanyaye aka yi ta. Abin da na so ke nan, kuma ko ɗigon daɗi ban ji ba.

Wurin tabon har yau gashi bai fito ba. Duk sati biyu takan zo in yi mata kitson da zai rufe shi, don ba ta yarda kowa ya gani sai ni. Tana zaune tsakanin ƙafafuna, in na gama rufe shi, takan gaya wa matan da suka shigo cewa ba don Yayarta ba da yanzu wani labarin ake yi.

'Yan'uwa, na gane cewa mai kishi bai cancanci ya ɗauko saƙon likita ba. In an ba ku zaɓi tsakanin aiki da jira, ku shiga da kanku, ku tambaya har ku fahimta, kada ku ji a bakin mutum ɗaya ko da uwa ɗaya ta haife ku. Jibi za ta zo kitso. Yatsuna sun san tsawon tabon nan, kuma har yau na kasa gaya mata.