Gyalen da Kawu Ya Murɗe

Jiya a cunkoson motoci na garin Madalla, ina cikin motar haya, na ji a rediyon direba wai wasu masana na hasashen siffar sararin samaniya ce ta sa ƙwayoyin zarra suka rinjayi akasinsu tun farkon halitta. Sai na tuna Kawu, tsohon malamin kimiyya.

A ciwonsa na ajali, ɗakin na ƙamshin man zafi da kunun tsamiya, ya jawo gyalen Inna, matarsa, ya murɗe shi, ya haɗa bakin gyalen biyu.

Ya ce, "Kowace ƙwaya da akasinta aka halicce ta, in sun haɗu su shafe juna. To, yaya aka yi muka rage? Wataƙila samaniyar ce a murɗe haka."

Inna ta ce, "Malam, samaniya za ta jira. Kunun nan fa hucewa yake yi."

'Yan dubiya suka yi ta raɗa, wai kan Malam ya taɓu. Tun rasuwarsa nake tsoron ko gaskiyarsu ne. Ashe hankalinsa ƙalau, mu ne karatunmu bai kai can ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Kawu, Ya nuna maka amsar ka gani da idonka.