Mun Je Ingila Ɗauko Auta

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Nassarawa ta Kano, ni da mahaifiyarmu Hajiya da akwatuna huɗu, uku daga ciki kuka ce da daddawa da yaji da turaren wuta. Direba ya sauke mu a filin jirgi, muka bi ta Abuja muka wuce Landan. Dangi mun ce musu yawon buɗe ido za mu, amma ni da ita mun san abin da ke tafe da mu. Ƙanena, autanmu kuma namiji tilo a ɗakinmu, likita ne, shekararsa goma sha huɗu a can. Tun da Baba ya rasu gidan ya yi mana girma, daga mu sai maigadi da mai ban ruwan fulawa. Hajiya ta ƙudurta sai ta zaunar da shi ta ce ya tattaro iyalinsa ya dawo. A waya maganar ba ta yiwuwa, kullum ka kira yana kan aiki.

Ya tare mu da murna, har da ƙwalla. Matarsa 'yar Zariya ce, mai kirki, amma yaransu biyu ban da "sannu" ba su da wata Hausa, ita ma sannun a karkace take fitowa. Ya ɗauki hutun kwana biyar, ya yi hayar babbar mota, wai zai nuna mana ƙauyukan Turawa.

Hanyoyin ƙauyen nan ƙanana ne, shingen ganye dama da hagu ya fi mota tsayi. Idan motoci biyu suka yi kiciɓis, ɗaya sai ya ja da baya, su ɗaga wa juna hannu, kowa ya wuce. Na ce wallahi da a Dakata ne da tuni an fito an naɗe hannun riga. Ruwa kuwa bai tsaya ba, bai kuma zuba ba, yayyafi ne kawai mai shiga ƙashi, tun safe har yamma. Tumakinsu ƙosassu, ga ciyawa kore shar, ba makiyayi ko ɗaya.

Ƙauyukan suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Gidajen dutse ne masu ruwan ƙuli-ƙuli, fulawa a kowace taga, ɗan rafi yana ratsa tsakiyar gari. Sai dai ba mutane. Mu da muke ƙorafin Nassarawa ta cika shiru, ashe kasuwa muke ciki. A ƙauye na biyu Hajiya ta leƙa ta gilashi ta ce, "Wai rasuwa aka yi ne a garin nan?" Yaran suka nemi a fassara musu, aka fassara, ba su ga abin dariya ba.

Mun tsaya wani ɗan shagon shayi. Da na juya kuɗin kofi ɗaya zuwa naira sai da na ajiye cokali, don a gida ya isa cefanen yini. Aka kawo kifi da soyayyen dankali, ba gishiri ba yaji, Hajiya ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta gyara wa kowa. A nan ta fara gwada sa'arta.

"Auta, akwai maganar da na zo da ita."

"Hajiya, a bari mu gama yawon, ranar ƙarshe sai mu zauna a tsanake."

Ta ce to. Na ga yadda ya sunkuyar da kai cikin faranti, jikina ya ba ni ya san maganar.

Kwana na uku muka shiga Bath, tsohon garin da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Rumawa ne suka gina wurin wanka a kansa tun zamanin da. Hajiya tun a hanya take murna, ta ji an ce ruwan magani ne, ga ta da ciwon gwiwa. Muka bi layi, muka biya kuɗi mai ciwo, muka shiga. Ga tafki kore yana tururi, ginshiƙai kewaye da shi. Har ta fara tattare zani za ta tsoma ƙafa, wata ma'aikaciya ta matso da fara'a ta ce ko taɓawa ba a yi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, ruwan kallo muka zo?" A wajen fita akwai famfon da ake ɗanɗanawa. Ɗumi gare shi, da ɗanɗanon tsatsa. Ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo min kofin. Sauran yinin a kan benci ta yi shi, muna kallon dogayen gidajen da aka jera a lanƙwashe, gwiwar tana yi mata zugi.

Washegari a hanyar komawa muka tsaya wani ƙauye don yara su miƙe ƙafa. Su can maƙabarta a tsakiyar gari take, jikin coci, da kujerun zama, mutane na ratsawa da karnukansu. Muna tsaye bakin katanga muka hangi wani tsoho a durƙushe yana goge dutsen wani kabari. Ƙanena ya gaishe shi, suka ɗan taɓa hira, ya dawo ya ce kabarin matar tsohon ne, rabin dutsen da aka bari ba rubutu kuma nasa ne, ya riga ya saya.

Hajiya ta riƙe baki. "Mutum da ransa ya sayi kabari?"

"Ai haka ake yi a nan, Hajiya, wuri ƙarewa yake. Ni ma na kama namu a maƙabartar Musulmi ta garinmu, ni da maman yara, kusa da juna."

Haka ya faɗe ta, kamar mai ba da labarin sayen fili. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce. Matarsa ta juya tana gyara wa yarinya hula. Hajiya ta dafa kafaɗata muka koma mota. Tafiyar awa biyu muka yi zuwa gidansa. Ni kam haushinsa da tausayinta ne suka haɗe min.

Ranar ƙarshe bayan la'asar ya zo ya zauna a ƙasa gabanta.

"Hajiya, kin ce akwai magana."

"Babu komai, Auta. Ka riƙe salla, ka koya wa yaran nan Hausa. Allah ya yi maka albarka."

Na bi shi kicin na ce, "Kai dai an yi likitan banza, ba ka san inda ke yi wa mutum ciwo ba." Ya ce, "Yaya, to ƙarya kike so in yi mata?" Na kama wanke kofunan da ba su yi datti ba.

Mun sauka Kano da rana tsaka, zafi ya rufe mu, na ji daɗinsa har raina. Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Shekara goma sha huɗu muna cewa yaron nan aiki ya je, muna lissafa masa dawowa, alhali shi ya daɗe da zama, mu ne ba mu tambaya ba don muna tsoron amsar.

Da muka shiga gida, mai ban ruwan fulawa, wani dattijo mutumin Jigawa da ya san ƙanena tun yana rarrafe, ya yar da tiyo ya zo ya durƙusa.

"Sannu da hanya, Hajiya. Yaushe likita zai dawo gida?"

Hajiya ta tsaya, hannunta a kan ƙofar mota.

"Malam, ai a gida muka baro shi."