Irin kuɓewata a jirgin Malam

A shekarun yaƙin basasa muna zaune a Yakasai, ni da maigidana, malamin firamare. Manja ya ɗauke a kasuwa, kayan miya duk sun yi wuya. Abin da na dogara da shi ɗan irin kuɓewa ne a cikin gora, wanda mahaifiyata ta ba ni kafin ta rasu. Kowace damina nakan shuka shi a wani ɗan fili bayan Ƙofar Na'isa, in busar da ta miya, in ware iri.

Shi kuwa Malam kullum kunnensa na jikin rediyo. Kowa na neman labarin bakin daga, shi ya kamo na Turawa masu shirin hawa sama. Wai nan gaba za a ƙera jirgi ƙato, gari guda, a yi shekaru ana tafiya a cikinsa.

"To me za su ci?" in ji shi. "Dole su yi noma a ciki. Fili nawa zai ishi mutum ɗaya? Kuma can sanyi ne, da me za su ɗumama shukar?"

Na ce, "Malam, su ta shafa."

Ashe bai bar zancen ba. Na tafi Dukawuya zaman jegon ƙanwata, bayan kwana bakwai na dawo na tarar ɗakin ajiyarmu ya zama jirgi. Ya toshe taga da tsumma, ya jera tsofaffin kwanuka cike da ƙasa da taki, ya auna tsakaninsu da rula, ya dasa kaskon garwashi a tsakiya. Gorana yana gefe, wayam.

Na ce, "Duka, Malam?"

Ya ce, "Lissafin ba ya fita da kaɗan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma iri ya riga ya shiga ƙasa. Na roƙe shi mu fito da kwanukan tsakar gida su sha rana. Ya ce ai a jirgi babu tsakar gida.

Sun tsiro kuwa, farare, sirara kamar taliya. Da suka fara langaɓewa sai ya ce sanyi ne, ya ƙara garwashi. Da bazara fa, a Kano, mutum da iliminsa yana hura wa kuɓewa wuta. Cikin kwana uku suka kwanta gaba ɗaya.

Ya rubuta a littafinsa cewa zafi kaɗai bai isa ba, sai da haske, har ya karanta mini. Kowace tsohuwa a unguwar ta san wannan, kuma ba ta da rula.

Da ruwa ya sauka ya samo mini wani irin a kasuwa, yana ta ba ni haƙuri. Na shuka, ta yi, muka ci. Gajeriya ce mai ƙaiƙayi, ba yauƙin kirki. Ta mahaifiyata ja ce, doguwa. Na aika har ƙauyenmu a tambayo mini. Kowa ya ce ya san ta, amma babu wanda ya ajiye.